Darasin Tattalin Arziki: Wace Hanyar Tara Kuɗi Ce Ke Riƙe Ƙungiyoyin Wasannin Matasa Da Na Taimakon Kai Da Kai?

Da wuya mako ya wuce ɗan kasuwar da ya yi suna a garinsu bai sami takardar neman taimako daga wata ƙungiyar matasa ba. Wasu kulob-kulob ne na ƙwallon ƙafa masu neman riguna da takalma, wasu ƙungiyoyin taimakon kai da kai ne masu son gyara rijiyar burtsatse ko yashe magudanar ruwa, wasu kuwa masu kula da marayu ne. Akasarin 'yan kasuwa suna bayarwa gwargwadon hali. Abin da ke damunsu shi ne, ƙungiyar da aka taimaka wa bara ita ce za ta komo bana da buƙata iri ɗaya, wata kuma sai a neme ta a rasa, ba a san yadda aka yi da abin da aka tara mata ba.

Wannan darasi ya kwatanta hanyoyin da irin waɗannan ƙungiyoyi ke bi wajen neman kuɗi, domin mai bayarwa da mai karɓa su san amfanin kowace hanya da kuma iyakarta. An ɗauki garin Yangoji a matsayin wurin auna su. Yangoji na ɗaya daga cikin mazaɓu 10 na ƙaramar hukumar Kwali, wadda aka ƙirƙiro a 1996 a cikin Babban Birnin Tarayya, yana kuma kan babbar hanyar Abuja zuwa Lokoja. Mazauna yankin sun haɗa da Gwarawa da Bassa da Hausawa da Fulani, Musulmi da Kirista, mafi yawansu manoma da ƙananan 'yan kasuwa, sai ma'aikatan da ke zirga-zirga zuwa Gwagwalada da cikin birni. Garin yana kusa da ofisoshin gwamnati da na manyan kamfanoni, amma kuɗin da ke hannun mutanensa kuɗin amfanin gona ne, wanda ke zuwa da kaka. Garuruwa da yawa a Arewa haka halinsu yake.

MA'AUNIN KWATANTAWA

Kafin a yi maganar inda kuɗi zai fito, wajibi ne ƙungiya ta raba abin da take kashewa gida biyu. Akwai kuɗin yau da kullum, watau kuɗin mota zuwa wasa, da sallamar alƙalin wasa, da ruwan sha, da maganin ciwo, da ƙwallon da ta fashe, da kuɗin rajistar gasa. Akwai kuma kuɗin aikin da ake yi sau ɗaya, kamar sayen ƙarafan raga, da share fili, da ɗinka riguna, da gina ɗan ofis. Ƙungiyar taimakon kai da kai ma haka take: haƙa rijiya aiki ne na lokaci ɗaya, amma sayen man inji da kiran mai gyara ba su ƙarewa.

Bayan wannan rabo, ana auna kowace hanya da tambayoyi uku. Nawa za a kashe kafin a sami Naira ɗaya? Kuɗin zai sake zuwa watan gobe, ko kuwa daga yau shi ke nan? Wane nauyi karɓarsa zai ɗora wa ƙungiya?

Tambaya ta biyu ta ƙara muhimmanci tun daga 2023. A ranar 29 ga Mayu na shekarar aka janye tallafin man fetur, a watan Yuni kuma aka bar kasuwa ta tsayar da darajar Naira. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a watan Disamba na 2024. A kan wannan lissafi, alƙawarin Naira 100,000 da aka jinkirta biya shekara guda bai wuce sayen abin da kimanin Naira 74,000 za ta saya ba a ranar da aka ɗauke shi.

KARO-KARON 'YA'YAN ƘUNGIYA

Wannan ita ce hanya mafi tsufa, ita ce kuma aka fi rainawa. Tushenta ɗaya ne da adashi da aikin gayya: kowa ya kawo ɗan abin da ya sawwaƙa a lokacin da aka tsayar. Ba ta cin komai sai littafi da alƙalami da ma'aji mai amana, ba ta kuma ɗora wa ƙungiya nauyin kowa daga waje.

A ɗauka, alal misali, kulob yana da 'yan wasa da magoya baya 40, kowannensu yana ba da Naira 200 a mako. A shekara za a tara Naira 416,000. Ko da kashi ɗaya cikin huɗu sun gaza biya, saura Naira 312,000, kuma kuɗi ne da ke shigowa mako-mako, daidai lokacin da ake bukatarsa. Da yayyafi kogi kan cika. Manyan ƙungiyoyin duniya ma ba su yar da wannan hanya ba. Kulob ɗin Barcelona na ƙasar Sifen mallakar mambobinsa ne, waɗanda suka haura 100,000, su ke biyan kuɗin shekara, su ke zaɓen shugaba. A Jamus kuwa, tun 1998 akwai ƙa'idar da ta bar rinjayen ƙuri'a a hannun mambobi a akasarin kulob-kulob, komai yawan jarin da attajiri ya zuba.

Raunin karo-karo a fili yake. Yara 'yan makaranta ba su da abin bayarwa, kuma a garin manoma hannu kan yi ƙunci da damina. Maganinsa shi ne a sa iyaye da tsofaffin 'yan wasa cikin rajista, a kuma yarda manomi ya biya kuɗin shekara gaba ɗaya da kaka, ko da kuwa da tiyar dawa ce ko ƙwaryar doya. Karo-karo ba ya gina ofis, amma shi ne kaɗai hanyar da za a iya dogara da ita wajen kuɗin yau da kullum.

BIKIN ƘADDAMAR DA ASUSU

Kafa gidauniya ita ce hanyar da ƙungiyoyi suka fi so, domin tana kawo kuɗi mai kauri a yini guda, tana kuma fito da sunan ƙungiya. Ana gayyato uban taro da babban mai ƙaddamarwa da manyan baƙi, a karanta jawabi, sannan a shiga shelar gudunmawa.

Sai dai akwai tazara tsakanin abin da aka shelanta da abin da ya shiga asusu. A ɗauka an shelanta Naira 1,000,000 a wurin taro. Idan hayar rumfuna da kujeru da lasifika, da buga katin gayyata, da abincin baƙi sun ci Naira 250,000, aka kuma karɓi Naira 600,000 kawai daga cikin alƙawuran, to abin da ya rage wa ƙungiya Naira 350,000 ne. Wannan bai kai abin da mutum 40 za su tara da Naira 200 a mako ba. Bugu da ƙari, jama'ar gari Naira miliyan ɗaya suka ji an faɗa da lasifika, ita kuma za su tambayi shugabanni. Rigingimu da yawa da suka wargaza ƙungiyoyi daga nan suka samo asali, ba tare da wani ya ci ko kwabo ba.

Har ila yau, ba a iya yin gidauniya kowace shekara, domin attajiran gari ɗaya ne ake gayyata. Sabili da haka ta dace da aiki guda ɗaya wanda aka san farashinsa tun kafin taro. Kamata ya yi a shaida wa jama'a abin da aka karɓa a hannu dabam, alƙawari dabam, a kuma sa kwamitin da zai bi sahun alƙawuran cikin makonni kaɗan, tun kafin hauhawar farashi ta cinye su.

ƊAUKAR NAUYI

Kamfani ba ya ɗaukar nauyin wasa don neman lada. Talla yake saya, watau yana biya ne gwargwadon idanun da za su ga sunansa. Makarantar koyar da ƙwallon ƙafa da Kashimawo Laloko ya kafa a Legas a 1992 ta bunƙasa ne bayan da kamfanin Pepsi ya ɗauki nauyinta, har ta buɗe rassa a garuruwa da dama, ciki har da Jos, inda John Mikel Obi ya sami horo.  Kulob ɗin unguwa ɗaya ba shi da wannan faɗin, don haka takardar da zai aika wa hedkwatar babban kamfani a Abuja da wuya ta sami amsa.

Wanda ya dace da ƙaramin kulob shi ne ɗan kasuwar da abokan cinikinsa ke tsaye a bakin fili: mai gidan mai da ke kan hanyar Lokoja, mai gidan burodi, mai sayar da taki da maganin feshi, mai kamfanin ruwan leda. A rubuta yarjejeniya ko da ta shafi ɗaya ce, a faɗi abin da zai bayar, da inda za a sa sunansa, da tsawon lokacin. Yarjejeniyar shekara biyu da ake biya wata uku-uku ta fi kyautar da za a miƙa sau ɗaya a ɗauki hoto.

Taimakon gwamnati kuwa yawanci gasa yake bi. Gasar Kofin Ramat, wadda Ƙungiyar Wasannin Matasa ta Nijeriya, YSFON, ke shiryawa a Kano don tunawa da Janar Murtala Ramat Muhammad, ta daɗe tana samun goyon bayan gwamnatin jihar. Amma irin wannan tallafi yana biyan masauki da kofi da kyaututtuka ne na kwanakin gasa, ba ya ciyar da kulob a sauran watannin shekara. Kofin ɗan siyasa shi ne mafi gajeren rai. Yana bayyana gab da zaɓe, yana ɓacewa bayansa, kuma kulob ɗin da ya sa hoton ɗan takara a rigarsa ya yi sallama da gudunmawar magoya bayan abokin hamayyarsa.

SANA'AR ƘUNGIYA

Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Ƙungiya tana iya mallakar abin da zai riƙa kawo mata kuɗi: gonar da 'ya'yanta za su nome da gayya, kujeru da rumfuna na haya don bukukuwa, injin niƙa, ko gidan kallon ƙwallo. A yankin Kwali, inda ake noman doya da masara da dawa da rogo, gonar ƙungiya ita ce mafi sauƙin farawa, domin babban jarinta ƙarfin matasa ne, wanda ƙungiya ke da shi a wadace.

Wannan hanya tana maimaituwa kamar karo-karo, amma tana buƙatar jari tun farko, kuma tana iya faɗuwa kamar kowace sana'a. Babban haɗarinta shi ne kayan kowa ba su da mai kula. Kujeru kan tafi aro ba su komo ba, inji kan lalace a rasa mai gyara. Shi ya sa ya fi kyau a danƙa sana'ar ga mutum ɗaya, a yanka masa kaso daga riba, ya riƙa kawo lissafi kowane wata. A nan ne hanyoyi biyu ke haɗuwa: kuɗin gidauniya, wanda ke zuwa sau ɗaya, idan aka sayi kayan haya da shi ya zama kuɗin da ke zuwa kowane mako.

Aikin da matasa suka yi da hannunsu ma jari ne. Ƙungiyar wasannin matasa ta Mathare, wadda aka kafa a 1987 a wata unguwar talakawa ta birnin Nairobi na ƙasar Kenya, ta riƙa ba kulob-kulob maki a teburin gasa idan sun fita kwashe shara da yashe kwatoci. Aikin da ido ke gani shi ya jawo mata masu agaji daga Turai, musamman ƙasar Norway, kuma kulob ɗin da ya fito daga cikinta, Mathare United, ya ci gasar ƙasar a 2008.

ZAKKA DA SADAKA DA WAKAFI

Attajirai Musulmi da yawa kan so su fitar da irin wannan taimako daga cikin zakka. Alƙur'ani ya iyakance masu cin zakka zuwa kashi takwas a aya ta 60 ta Suratut Tauba, kuma sayen riguna ko kofi ba ya ciki. Ƙungiyar da ke kula da matalauta da mabuƙata tana iya zama hanyar isar da zakka ga masu ita, amma kulob sai dai sadaka ko kyauta.

Sadaka tana da lokutanta. A Yangoji akwai ƙauyen Alheri, inda aka tsugunar da waɗanda suka yi fama da cutar kuturta, kuma ƙungiyoyin agaji da na addini kan kai musu ziyara da kayan abinci da tufafi. Irin wannan alheri ya fi yawa da azumi da Sallah da Kirsimeti, alhali buƙatar magani da kuɗin makarantar yara ba ta san wata ba. Wakafi shi ke cike wannan giɓi, domin ana tsare asalin dukiya ne a riƙa cin amfaninta, kamar yadda Sayyidina Usman ɗan Affan ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya bar wa jama'a. Jihar Kano ta kafa Hukumar Zakka da Hubusi a 2003, Sakkwato ma tana da tata hukumar ta zakka da wakafi. Shago ɗaya da aka yi wakafinsa ga ƙungiya zai kawo haya kowace shekara bayan an manta da ranar da aka bayar.

Akwai abin lura ga mai son yin wakafin fili a Babban Birnin Tarayya. Tun daga dokar da ta kafa yankin a 1976, ƙasarsa duka tana hannun Gwamnatin Tarayya, Ministan Abuja ne kuma ke da ikon ba da takardar mallaka. Filin da aka ba ƙungiya da baki, komai yawan shaidu, ba shi da kariya ranar da aka zo da tsarin gini.

WAYA DA INTANET, DA TIKITIN SA'A

Ƙarancin takardun Naira na farkon 2023 ya koya wa mutanen karkara tura kuɗi ta waya. Yanzu ƙungiya tana iya tara 'ya'yan gari da ke aiki a Abuja da Kaduna da Legas a zaure ɗaya na WhatsApp, kowa ya turo gudunmawarsa ba tare da an kafa rumfa ba. Kuɗin da wannan hanya ke ci kaɗan ne, tana kuma barin shaida a banki. Ta fi aiki ga buƙatar gaggawa, kamar ɗan wasan da ya karye ko rufin aji da iska ta yaye. Idan aka yawaita roƙo mutane kan gaji. Sharaɗinta shi ne kuɗi ya shiga asusun ƙungiya, ba na sakatare ko na mai horarwa ba, a kuma riƙa buga jerin abin da ya shigo da abin da ya fita.

Sayar da tikiti don a ci babur ko talabijin hanya ce da ƙungiyoyin Turai ke amfani da ita ƙwarai. A nan kuwa tana da cikas biyu. Malaman Musulunci suna ɗaukarta caca, don haka za ta raba kan ƙungiyar da ke da Musulmi a cikinta. Sannan doka ta sa mata ido: a watan Nuwamba na 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa Dokar Caca ta Ƙasa ta 2005 ba ta aiki a jihohi, sai a Babban Birnin Tarayya kaɗai, Yangoji kuwa a cikinsa yake.

RABON MAI RENON ƊAN WASA

Kulob ɗin ƙwallon ƙafa yana da wata ƙofa da sauran ƙungiyoyi ba su da ita. A dokokin hukumar FIFA, idan aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, ana ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa kulob-kulob ɗin da suka rene shi daga shekara 12 zuwa 23. Wanda ya riƙe yaro daga shekara 12 zuwa 15 yana da kashi 1 cikin 100 na kuɗin cinikin baki ɗaya. Ahmed Musa, wanda ya taso daga Jos ya yi suna a Kano Pillars, ya koma Leicester City ta Ingila daga CSKA Moscow a 2016 a kan kimanin fam miliyan 16, kuma kashi 5 cikin 100 na irin wannan kuɗi ya kai fam 800,000. A watan Nuwamba na 2022 FIFA ta buɗe ofishi na musamman a Faris don biyan wannan haƙƙi.

Ba a gina kasafin kuɗi a kan wannan fata, domin cikin dubban yara ɗaya ne ke kai wa can. Amma haƙƙin ba ya tabbata sai kulob yana da rajista da hukumar ƙwallon ƙafa ta yankinsa, an kuma rubuta sunan yaron da shekarun da ya yi a ciki. Ba a fafe gora ranar tafiya.

RAJISTA DA LISSAFI

Duk waɗannan hanyoyi suna tsaye ne a kan amana, amana kuwa rubutu take so. Dokar Kamfanoni ta 2020, wadda ta maye gurbin ta 1990, ta tanadi yi wa ƙungiyoyi rajista a Hukumar Rajistar Kamfanoni da sunan amintattu, mutum biyu ko fiye. Ana buga sanarwa a jaridu biyu, a jira kwana 28 ko akwai mai ƙorafi, bayan rajista kuma ana miƙa rahoton shekara. Da wannan takarda ce ƙungiya ke buɗe asusun banki da sunanta, ta mallaki kadara, ta sa hannu a yarjejeniya. Wadda ba ta kai ƙarfin rajista ba tukuna, lalle ne ta kasance da rubutaccen tsarin mulki, da littafin shiga da fita, da rasit mai lamba, kuma kada kuɗi ya fita sai da hannun mutum biyu.

ABIN DA ƊAN KASUWA ZAI DUBA

Idan aka jera hanyoyin, karo-karo da sana'ar ƙungiya da wakafi su ne masu maimaituwa, su ya kamata su ɗauki kuɗin yau da kullum. Gidauniya da kyautar kamfani da tallafin gwamnati da roƙo ta waya suna zuwa ne jefi-jefi, don haka wurinsu aikin lokaci ɗaya ne, ko sayen kadarar da za ta riƙa kawo kuɗi. Ƙungiyar da ta juya wannan tsari, ta riƙa biyan kuɗin mota da kuɗin gidauniya, ita ce ke komowa da takarda kowace shekara.

Saboda haka, ɗan kasuwar da aka kawo wa takardar neman taimako yana da damar ya nemi ganin littafin karo-karo na watanni shida da suka wuce, ya tambayi sunan da ke kan asusun banki, ya kuma ji takamaiman aikin da za a yi da farashinsa. Idan amsoshin sun gamsar da shi, ya fi amfani ya saya wa ƙungiya kujerun haya ko ya biya mata kuɗin rajista, ko kuma ya yi alƙawarin ƙara Naira ɗaya a kan kowace Naira da 'ya'yan ƙungiya suka tara da kansu, ya riƙa biya wata uku-uku bayan ya ga littafi. Idan kuwa babu littafi, taimakon farko da ƙungiyar ke buƙata shi ne a ba ta wa'adin wata uku ta buɗe shi, sannan ta komo a yi maganar kuɗi.